Daga Tiliya zuwa Fadar Yamai: Kaso da Bakin Ɗaurarre

Kalmar kaso, wadda Bahaushen Nijar ke kiran kurkuku da ita, aro ce daga Faransanci, kuma a can asalinta ba kowane gidan yari take nufi ba, sai ɗan ƙuntataccen ɗakin duhu da ake jefa mutum shi kaɗai. Tun zamanin Nasara, ke nan, kaɗaici ne hukuncin da ke cikin hukunci.

A zamanin Seyni Kunce (1974 zuwa 1987) hukuma ba ta cika bukatar bango mai kauri ba, don hamada ta ishe ta. Tiliya, can arewa da Tawa, inda duwatsun Adar ke ƙarewa rairayin Azawak ya soma, ta zama sansanin tsare ƴan siyasa da sojoji, musamman bayan yunƙurin juyin mulkin Maris 1976. Wanda aka kai can, da wa zai yi magana? Jarida ta gwamnati ce, rediyo ma haka. Sai a 1990 aka sami Haske, jarida mai zaman kanta, sannan Babban Taron Ƙasa na 1991 ya ba waɗanda suka sha ɗauri damar fayyace abin da ya same su a bainar jama'a.

Da gidajen rediyo suka yawaita, salula ta shiga kowane aljihu, sai nisa ya daina toshe baki. Hukuma ta koma kan mai ɗaukar maganar: Musa Kaka, wakilin RFI, ya shafe fiye da shekara a tsare, daga Satumba 2007 zuwa Oktoba 2008, saboda hirarrakinsa ta waya da ƴan tawayen MNJ.

Amma misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Mohamed Bazum, wanda jam'iyyarsa ta PNDS-Tarayya ke da tushenta mafi ƙarfi a jihar Tawa. Dogaran fadarsa sun tsare shi ranar 26 ga Yuli 2023, suka bar masa waya a hannu. Da ita ya yi ta zantawa da shugabannin ƙasashe, har jaridar Washington Post ta Amurka ta buga maƙalarsa ranar 3 ga Agusta, inda ya kira kansa wanda aka yi garkuwa da shi. Kwana 10 bayan haka sojoji suka ce za su tuhume shi da cin amanar ƙasa, hujjarsu kuwa ita ce tattaunawarsa da ƙasashen waje. Wato maganar ce ta zama laifin. A Oktoba, bayan zargin yunƙurin tserewa, wanda lauyoyinsa suka musanta, aka karɓe wayoyin, ya rage daga shi sai matarsa Hadiza da ɗansu da likitan da ke leƙa su.

Dokokin Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun hana keɓe ɗaurarre shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere, sun kuma ba shi haƙƙin ganin lauya da dangi. Wani zai ce mai zama da matarsa a fada ba ya cikin kaɗaici. A ganina, wanda aka raba da lauyansa da sauran duniya, rabin kaso ya riga ya hau kansa. Kotun CEDEAO ta ba da umarnin sakinsa a Disamba 2023, ba a saurare ta ba. A Yuni 2024 kotun ƙasa a Yamai ta cire masa rigar kariya.