Jirgin Ƙasa Da Manomin Da Bai Taɓa Jin Kukansa Ba

Ni ɗan Ambursa ne, kusa da Birnin Kebbi, kuma ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai da na zo jami'a. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani labari da na karanta na Kalifoniya ta Amurka. Can, tun daga wajen 1885, kamfanonin reluwe biyu, watau Santa Fe da Southern Pacific, suka shiga tsere kan dakon lemo. Kowanne yana zawarcin manoma da fili ko rumfar shirya kaya a gefen layinsa, don kada ɗan'uwansa ya ƙwace masa ciniki.

To, mu nan fa? Jirgi ɗaya ne tak, na Gwamnati, ba shi da kishiya, saboda haka bai zawarci kowa ba.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa wa rai, don masaƙunsu na Ingila. Ashe manomi ya riga ya yi nasa lissafin: gyaɗa ta fi kuɗi, in ma kasuwa ta faɗi a ci abarta a gida. Nan fa gasa ta tashi, amma tsakanin masu saye. Kamfanin Neja da John Holt da sauransu suka yi rububin kafa kantuna da sito kusa da tasha, suna ba dillalai kuɗi tun kafin kaka. Ta nan irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, suka bunƙasa.

Dalar gyaɗar nan da muke tinƙaho da ita, a ganina, rabinta shaidar gazawa ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu taragu suka yi ƙaranci, buhuna suka yi ta jiran jirgin Ikko wata da watanni. Da akwai layi na biyu, anya da sun taru haka?

Mu kuwa mutanen yamma, reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Bai kai Sakkwato ba, balle Argungu. Kakana ya ce duk abin da sikeli ya ba su, sai an cire kuɗin raƙumi ko na mota tukuna. Yau ga filin jirgin sama a bakin garinmu, amma albasar Aliero har yanzu a bayan babbar mota take tafiya Kudu, wadda ta ruɓe a hanya kuwa asarar mai ita ce.