Yadda Sayar da Mota a Warwatse Ya Zama Sana'a

A shagunan kayan wasa na Ingila, Japan ko Amurka akwai wani irin kwali mai ɗauke da zanen jirgin yaƙi, ko tanka, ko motar tsere. Wanda ya buɗe shi yana sa ran ganin mota zai sha mamaki, domin abin da ke ciki guntayen roba ne ruwan toka maƙale a jikin firam, da takardar umarni, da 'yan sitika. Mai saye ne zai yanke kowane guntu da reza, ya goge bakinsa da samfefa, ya ɗauki ƙananan da matsefata ya liƙa da gam, sannan ya bi da fenti. Wani ya gama a yini guda, wani ya kwashe watanni. A taƙaice, mutum ya biya kuɗi don ya yi aikin da ma'aikatan kamfani ya kamata su yi, kuma yana murna.

Kafin roba, katako ne. A 1932 aka fara sayar da wasu ƙananan jiragen sama a Ingila da sunan Skybirds, guntayen itace da mai saye zai sassaƙa da kansa. Su ne suka kafa ma'aunin 1:72, wato inci ɗaya a madadin ƙafa shida, ta yadda matuƙin jirgi zai tashi kusan inci guda. A 1936 kamfanin da ke yin jiragen Frog ya fito da jerin Penguin a wannan ma'auni, kuma su ake ɗauka a matsayin na farko da aka yi da roba. Sai dai robar lokacin ba ta da amana: tana lanƙwashewa in ta daɗe, ga tsada. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da cinikin, amma ya yi masa wata hidima ta bayan gida. A 1942 sojan ruwan Amurka ya nemi 'yan makaranta su sassaƙa jirage 500,000 na katako, a shafa musu baƙin fenti, don a koya wa sojoji bambanta jirgin gida da na abokan gaba daga nesa. Ma'aunin kuwa shi ne dai 1:72. Aka gama yaƙi, ga dubban samari da hannunsu ya faɗa da aikin.

Wanda ya ci moriyar wannan a Ingila bai ma shigo da niyyar yin jirgi ba. Nicholas Kove, mutumin ƙasar Hungary, ya kafa Airfix a 1939 yana yin kayan wasan da ake hura wa iska. Bayan yaƙi ya sayi injin zuba narkakkiyar roba, ya shiga buga mataji na aljihu. A 1949 kamfanin Harry Ferguson, mai taraktocin da jikokinsu Massey Ferguson suka cika gonakinmu, ya ba shi kwangilar yin ƙaramar tarakta samfurin TE20 don dillalai su riƙa nuna wa manoma. Da farko a masana'anta ake harhaɗa ta da hannu. Harhaɗawar na cin lokaci, tana cin kuɗi. Sai aka ga ai gara a zuba sassan a sayar haka nan, kowa ya je gida ya haɗa abinsa.

Dabarar rage kashe kuɗi ce kawai, amma ta karɓu. A farkon shekarun 1950 kantunan Woolworths suka yarda su sayar da Golden Hind na Airfix, jirgin ruwan Francis Drake, da sharaɗin kada farashi ya wuce sule biyu. Kwali ba zai bari a kai wannan farashi ba, don haka aka zuba sassan a leda, aka maƙala takarda a bakinta, hoto a waje, umarni a ciki. Kuɗin kashewar ɗan makaranta ya isa saye. Ba a jima ba jirgin Spitfire ya biyo baya, kuma shi ne ya zama abin da aka fi sanin kamfanin da shi har gobe.

A Amurka mota ce ta ja ragama. Kamfanin AMT ya fara ne da yi wa dillalan motoci ƙananan samfura na talla, sannan a 1958 ya fito da kwalin da za ka iya haɗa mota ɗaya ta fuska uku: yadda ta fito daga kamfani, ko ta tsere, ko wadda aka yi wa kwalliya. Revell na Kalifoniya da Monogram na Chicago suka cika kasuwa da jirage da motoci, kafin su haɗe a 1986.

Abin da ya sa duk wannan ya yiwu shi ne wata sabuwar roba, polistirin, mai araha, wadda ba ta lanƙwasa, kuma gam ɗinta ba liƙewa kawai yake yi ba, narkar da bakin guntayen biyu yake su zama abu ɗaya. Tsadar tana wurin mazubin, wato tubalan ƙarfe biyu da ake sassaƙa siffar kowane guntu a cikinsu. Yin sa na cin dukiya, amma in an yi shi, an yi ke nan, zai shekara da shekaru yana aman kaya. Shi ya sa mazubi kan binne kamfanin da ya yi shi. Da Frog ya durƙushe a tsakiyar shekarun 1970, Tarayyar Sobiyet ce ta sayi yawancin mazubansa, amma ta ce ba ta son na jiragen Jamus da Japan, sai Revell ya kwashe waɗannan. Yaran Rasha suka tashi suna haɗa jiragen Ingila.

Labarin da ya fi daɗi, a ganina, na Japan ne. Birnin Shizuoka ya daɗe da suna a aikin katako, kuma a can Yoshio Tamiya ya buɗe wurin yankan katako a 1946, daga baya ya shiga yin jiragen wasa na itace. Da kayan roba na Amurka suka fara kashe masa kasuwa, dole ta sa ya bi sahu. Gwajin farko, jirgin yaƙin Yamato, bai yi kasuwa ba. Ɗansa Shunsaku ya koma ga tankar Jamus mai suna Panther, saboda jikinta a miƙe yake, mazubinta ba wuya. Yana so ta riƙa tafiya, don haka aka yi girmanta daidai yadda za ta ɗauki ƙaramin inji da batir biyu. Da aka auna daga baya, sai ta faɗa 1:35. Ba wani lissafi a ciki, batir ne ya yanke hukunci, kuma yau kusan duk kamfanin da ke yin tankoki a duniya wannan ma'aunin yake bi.

Shunsaku ba ya wasa da daidaito. Ya riƙa zuwa gidajen tarihin soja a Amurka da Ingila da awo da kyamara, yana shiga ƙarƙashin tankoki. Da kamfanin ya tashi yin Porsche 934 a 1976, sai ya sayi Porsche 911 ta gaske aka kwance ta ɗaiɗai, don a ga abin da hoto ba ya nunawa.

Daga nan iska ta juya. Rikicin man fetur na 1973 ya ɗaga farashin roba, wasannin bidiyo suka janye yara, Airfix ya karye a 1981, ya yi ta sauya hannu har kamfanin Hornby ya saye shi a 2006. Amma yaran da suka sayi ledar sule biyu ba su daina ba, girma kawai suka yi, kuma yanzu akwai albashi. Tun 1963 suka kafa ƙungiyarsu ta IPMS a Ingila, wadda ke babban baje koli kowace shekara a garin Telford. Kamfanoni suka bi su da kaya masu ɗaruruwan sassa. Eduard na ƙasar Czech ya ƙware a 'yan siraran ƙarafa da ake yin bel ɗin kujerar matuƙi da su, Trumpeter da Meng na Sin suka shigo da ƙarfinsu, Bandai kuma tun 1980 ya kama matasa da mutum-mutumin Gundam, waɗanda na yanzu ko gam ba sa buƙata.

Abin yabo ma ya sauya. A da, gwani shi ne wanda jirginsa ke ƙyalli. Yanzu a teburin gasa alƙalai na haska tocila suna neman layin da guntu biyu suka haɗu, mai tanka kuwa ya ɓata makonni yana zana tsatsa a gindin ƙusa, da baƙin hayaƙi a bakin salansa, da busasshiyar laka a jikin sarƙa, duk da buroshin da bai fi tsinken sakace kauri ba.