Tarihin Zaren Keke Daga Garin Paisley

Ina gaishe ku daga Glasgow, inda sanyi ya fara kankama.

Yaya, saƙonki ya iso, cewa zare yana ta tsinkewa a bargon da kike ɗinka wa Inna, irin mai hawa uku da auduga a tsakiya, kamar lifidin dawakin sarki. Wannan ne ya sa ranar Asabar na ajiye littattafai na shiga jirgin ƙasa zuwa Paisley, tafiyar kamar minti 10, garin da ya taɓa zama cibiyar zaren ɗinki ta duniya.

A da, siliki da zaren lilin ake ɗinki da su a Turai. Da Napoleon ya toshe hanyar ciniki da Birtaniya a 1806, siliki ya yi wuya, sai Patrick Clark ya murza zaren auduga mai santsi a madadinsa. A 1812 gidan Clark suka fara sayar da shi don ɗinki, a 1826 kuma James Coats ya buɗe tasa masana'antar a unguwar Ferguslie.

To amma da keken ɗinki ya yaɗu, sai zaren hannu ya kasa. Keke yana wucewa da zare ta kafar allura sau da yawa kafin ya zauna a jikin yadi, mai rauni kuwa tsinkewa yake yi. A shekarun 1860 George Clark ya fito da zare mai sili 6, mai laushi da ƙarfi, musamman domin keke. A 1896 gidajen biyu suka haɗe. Masana'antun Paisley sun daina aiki a 1993, wani ginin ma yanzu gidajen kwana ne.

Lambar da ke jikin zare ita ma gadon masaƙun Ingila ce. Suna auna ƙulli mai yadi 840, su ƙirga ƙulli nawa ke cika laba ɗaya. Siririn zare sai an tara da yawa kafin ya cika laba, shi ya sa in lamba ta hau, zare ya sirance.

Saboda haka Yaya, ki haɗa ƙyallayen da auduga mai lamba 50 da allura 80. In kin zo ɗinke hawa ukun, kina son zanen ya fito, ki koma lamba 40 da allura 90. Ina kyautata zaton kaurin zarenki ne ya fi ƙarfin kafar allurar. Ki gwada a kan guntun ƙyalle tukuna kafin ki taɓa bargon, tunda hunturu ya kusa.

Na sayo kala 4, zan ba mai tahowa gida. A gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. A ci gaba da sa ni a addu'a, rubutun digirin ya kai babi na 3.