Kyamarar auna gudun mota: Yadda take aiki da hakkin da ke kan shugabanni a hanyoyin Fatakwal, Anacha da Inugu

Kyamarar auna gudu na'ura ce da ake kafawa a gefen hanya ko a saman titi, domin ta auna saurin abin hawa, ta kuma ɗauki hoton lambarsa idan ya wuce iyakar da doka ta gindaya. Batun ya shafi Hausawa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu kai-tsaye, domin abincin mafi yawansu yana kan hanya ne: fataken shanu, dillalan albasa da tumatir da wake, direbobin tirela da yaransu, da 'yan dako da masu talla a bakin titi.

Yadda na'urar take aiki

Kyamarorin iri biyu ne. Ta farko tana aika igiyar rediyo ko haske zuwa jikin mota, sannan ta lissafa gudu daga yadda igiyar ta dawo. Ta biyu kyamarori biyu ne da ake kafawa da tazara a tsakaninsu, kwamfuta ta raba nisan da lokacin da motar ta ɗauka, ta fitar da matsakaicin gudu. A wannan tsarin, taka birki a gaban kyamara ba ya ceton direba.

Bayan an ɗauki hoto, manhaja tana karanta lambar motar, a nemo mai ita a rumbun rajista, a aika masa da sanarwar tara. Ke nan wanda sunansa ke kan takardu shi ake bi. Duk wanda ya sayar da mota a Kano ko Sakkwato ba tare da an sauya sunan mallaka ba, zai iya samun tarar laifin da wani ya aikata a Kudu.

Kamfanin Gatso na ƙasar Holan, wanda direban tseren motoci Maurice Gatsonides ya kafa a 1958, na cikin waɗanda suka fara ƙera irin waɗannan na'urori. Birtaniya ta fara kafa su a Landan a 1992, Faransa kuma a 2003. A Faransa, yawan masu mutuwa a hanya ya sauko daga sama da 7,000 a 2002 zuwa ƙasa da 4,000 a 2010, ko da yake tsaurara hukunci da wasu matakai sun taimaka.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 ƙarƙashin shugabancin Farfesa Wole Soyinka, ita ke kula da bin ƙa'idar gudu a hanyoyin tarayya. Kundin dokokin hanya ya ƙayyade kilomita 50 a sa'a ga ƙananan motoci a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Motocin haya da bas-bas ba za su wuce 90 ba a tagwayen hanya, tanka da tirela kuwa iyakarsu 60.

Daga 1 ga Fabrairu, 2017, hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, wadda ke hana inji wuce wani mataki komai taka totur. Wannan daban take da kyamara, domin a cikin mota ake sa ta.

Jihar Legas ce ta yi gaba a batun kyamara. A watan Fabrairun 2025 ta sanar da kafa na'urorin auna gudu a Alapere, inda iyaka take 80, da titin Mobolaji Bank Anthony, inda take 60, tare da tarar naira 50,000 ga wanda ya wuce kima.

Alƙaluman FRSC sun nuna mutum 5,421 suka rasu a haɗurran mota a 2024, sama da 5,081 na 2023, kuma gudun wuce kima ne ke kan gaba cikin dalilan da hukumar ke lissafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100.

Hanyoyin da abin ya shafa

Zaman Hausawa a waɗannan birane ya daɗe. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, falken shanu daga lardin Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko. A yau kasuwannin dabbobi na Ugwuoba a jihar Inugu, da Amansea kusa da Awka, da Lokpanta a jihar Abiya, duk suna kan hanyoyi biyu ne ko kusa da su: Inugu zuwa Anacha, da Inugu zuwa Fatakwal.

Hanyoyin sun ci rayuka da dama. Ranar 31 ga Mayu, 2015, wata tankar mai ta ƙwace a Upper Iweka da ke Anacha, ta kama da wuta, mutum fiye da 60 suka rasu. A watan Oktoban 2019 wata tankar ta sake faɗuwa a wurin, wutar ta kai kasuwar Ochanja. A watan Afrilun 2024 gobarar tanka ta ƙone motoci da dama a Eleme, kusa da Fatakwal. Ranar 25 ga Janairu, 2025, irin haka ta faru a gangaren Ugwu Onyeama da ke Inugu, inda FRSC ta tabbatar da mutuwar mutum 18.

A wasu daga cikin waɗannan haɗurra, shanyewar birki aka ambata a matsayin dalili. Kyamara ba ta gyara birki, ba ta cike rami, ba ta rage lodin da ya wuce kima. Amfaninta shi ne tilasta wa manyan motoci shiga gangare da cunkoson kasuwa a hankali, yadda ko matsala ta auku ɓarnar za ta ragu.

Wa za a tuhuma?

Hanyoyin biyu na Gwamnatin Tarayya ne, don haka gina su na wuyan Ma'aikatar Ayyuka, gyaransu kuma na hukumar FERMA. Titunan cikin gari na jihohi ne da ƙananan hukumomi. Majalisu ne ke amincewa da kuɗin aikin a kasafi, su ne kuma ke da ikon bibiyar yadda aka kashe shi.

Akwai kuma batun ayarin motocin masu mulki. Ranar 12 ga Nuwamba, 2013, Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya rasu kusa da Lokoja a hanyarsa ta zuwa taro a Kano, bayan wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na lokacin, Idris Wada, ta yi karo da motarsu. Kariyar da sashe na 308 na Kundin Tsarin Mulki ya bayar ta tsaya ne ga shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu, ba ta haɗa da direbobinsu ba. A Birtaniya, ministan makamashi Chris Huhne ya sauka daga muƙaminsa a 2012, aka kuma yanke masa ɗaurin wata takwas a 2013, saboda ya sa matarsa ta ɗauki laifin gudun da kyamara ta kama shi da shi a 2003.

Hanyoyin neman bahasi

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikatar tarayya yana neman bayani, ta kuma wajabta amsa cikin kwana bakwai. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin fatake da na direbobi za su iya tambayar nawa aka ware wa hanya, wane kamfani aka ba kwangila, kuma yaushe zai kammala. Inda aka kafa kyamara, ya dace a nemi sanin dalilin zaɓen wurin, ko akwai allon da ke nuna iyakar gudu, ina kuɗin tara ke tafiya, da yadda wanda aka ci tara bisa kuskure zai ƙalubalanci hukuncin.

Sassa na 69 da 110 na Kundin Tsarin Mulki sun tanadi yi wa ɗan majalisa kiranye, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu a takardar koke, sannan hukumar zaɓe, INEC, ta gudanar da ƙuri'ar jin ra'ayi. Wannan dama ta waɗanda suka yi rajista a mazaɓar ce kaɗai, saboda haka wanda ke zaune a Diobu ko Asata amma katinsa na Katsina ne ba shi da ta cewa a kan wakilin unguwar da yake kwana. INEC na karɓar buƙatar sauya wurin zaɓe a lokutan rajista.

Domin kai rahoton haɗari ko tuƙin ganganci, ana kiran FRSC kyauta a lamba 122.