Kantun Bilma da masu ingizawa

A ƙasar Sakkwato, daga Danchadi zuwa Bodinga da Shagari, idan aka ga wani yana zuga ɗan'uwansa ya shiga rigimar da ta fi ƙarfinsa, sai a ce yana ingiza mai kantu ruwa. Samari da yawa suna faɗin maganar, amma kantun da suka sani na sukari ne, wanda ake jefawa a shayi. Kantun asali na gishiri ne, kuma daga nesa yake zuwa.

A Bilma da Fachi ake yin sa, can cikin Saharar Nijar. Ana barin ruwan gishiri a ramuka rana ta ƙafar da shi, a kwashe, a kwaɓa, a cusa a mazubin kututturen dabino, a kife ya bushe. Guda ɗaya yakan kai kilo 20. Gishirin miya shi ne beza. Kantu galibi dabbobi ake ba su lasa, shi ya sa makiyayi ba ya wasa da shi. Bayan damina Buzaye kan tashi daga Abzin da dubban raƙuma, su keta Tenere, tafiyar wajen kilomita 600 daga Agadas, su kai gero su karɓo gishiri. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo irin wannan ayari daga Abzin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a farkon 1851. Gishirin yankin Sakkwato kuwa ta Adar da Gobir yake gangarowa a hannun Buzayen Kel Geres.

Kayan da ya tsira daga rairayi, a ƙasar Hausa yake haɗuwa da abokin gabarsa. Ga gulbin Rima, ga na Sakkwato, ga fadamu, kuma zamanin babu gada. Falke ya tsaya a mashigi da jakinsa yana shakka, sai wani daga tudu ya ce, "Haba malam, shiga mana, ko gwiwa bai kai ba!" Mai tufafi in ya jiƙe zai shanya. Mai kantu kuwa da tabarma da igiya zai fito, jarin shekara ya bi ruwa. Muguntar a nan take: mai ingizawa bai zare wuƙa ba, bai ɗauki ko tsinke ba. A gaban alƙali ma cewa zai yi shawara ya bayar.

Turawan Ingila suna da tasu maganar, wai jefa mutum ƙarƙashin bas, wato sadaukar da na kusa don tsira da kai. Ta ɓulla a jaridunsu a farkon shekarun 1980, ta game duniya lokacin zaɓen Amurka na 2008, da Barack Obama ya raba gari da limamin cocinsa, Jeremiah Wright. Sai dai a tasu kowa ya ga hannun da ya tura. A tamu mutum da ƙafarsa yake shiga, in ya fito kuma shi ake wa dariya. A ganina tamu ta fi kama halin ɗan Adam.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gishirin buhu ya cika kasuwa, gadoji suka hau gulabe. Ayarin Bilma ya ragu, ko da yake bai mutu ba. Maganar ce ta sauya masauki, ta koma bakin 'yan siyasa: ɗan takarar da 'yan korensa suka rantse masa cewa ya riga ya ci, ya sayar da gona da gida ya yi fosta, yaron da aka ba ɗan abin kashewa ya tare hanya ranar zaɓe, ya kwana a hannun 'yan sanda, uban gidan nasa yana barci a Abuja. Mai karatu, in an matsa maka da "shiga mana", ka ce wa mai faɗin ya fara tsoma tasa ƙafar.