"Afokirifa" da 'Yan'uwanta: Tarihin Sunayen Littattafan da Ake Tababa a Kansu

Duk wanda ya taɓa zama don fassara tarihin addinai zuwa Hausa ya san wuyar kalmar nan ta afokirifa. Abin da ya fi saurin zuwa bakin alƙalami shi ne "jabu". To, amma jabu kalmar kasuwa ce, ta sulen da aka ƙera a ɓoye don a cuci jama'a. In aka laƙaba wa littafi ita, an yanke masa hukunci uku ke nan a lokaci guda: an jingina shi ga wanda bai rubuta shi ba, malamai ba su karɓe shi ba, abin da ke cikinsa kuma ƙarya ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa magabata sun rarrabe waɗannan hukunce-hukunce, kowanne da sunansa.

Asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta kuwa "ɓoyayye", ba tare da wani aibi ba. A wani littafin Yahudawa na ƙarshen ƙarni na 1 Miladiyya wanda aka jingina wa Uzairu, an ce ya yi shiftar littattafai 94, aka umurce shi ya bayyana 24 ga kowa, ya keɓe 70 don masu hikima. Watau a nan ɓoyewa daraja ce, kamar yadda malami kan hana ƙaramin almajiri wani littafi sai ya yi nisa. Amma a shekarar 367 Atanasiyus, babban limamin Kirista na Iskandariya, ya kasa littattafai uku a wata wasiƙarsa: waɗanda ke cikin tabbataccen jeri, da waɗanda ake karanta wa sababbin shiga addini, da afokirifa, waɗanda ya ce 'yan bidi'a ne suka ƙaga su. Ɓoyayye ya zama abin zargi.

Jerom, wanda ya fassara Baibul zuwa Latinanci ya kuma rasu a 420, shi ya sake karkata kalmar. A wurinsa duk littafin Tsohon Alkawari da babu shi a jerin Ibrananci afokirifa ne, ko da ana karanta shi a majami'u, kamar Tobit da Yudit. A lura, wannan magana ce ta matsayi, ba ta ƙarya ba. A kan wannan ma'ana Martin Luta ya tattara su wuri guda tsakanin Alkawura biyu a Baibul ɗinsa na Jamusanci na 1534, ya ce ba su kai Nassi ba amma karanta su na da amfani. Cocin Katolika kuwa ya tabbatar da mafi yawansu a matsayin Nassi a taron Tirento a 1546, kuma a 1566 Sistus na Siyena ya raɗa musu suna diyuterokanonika, watau "na jeri na biyu". Saɓanin ya iso har ƙasar Hausa: a 1826 Ƙungiyar Baibul ta Biritaniya da Ƙasashen Waje ta daina buga waɗannan littattafai, shi ya sa babu su a Littafi Mai Tsarki na Hausa da ta fitar a 1932.

Tambayar marubuci tana da tata kalmar daban, sudefigirafa, "rubutun da aka sa wa sunan wani", wadda ta yaɗu bayan tarin da Fabrisiyus ya buga a 1713. Littafin Anuhu na cikin wannan aji a wurin manazartan Turai, alhali a Cocin Habasha Nassi ne cikakke. Littafi ɗaya, hukunci biyu.

Malaman Musulunci sun fi kowa tsantseni a nan, kuma abin mamaki ne yadda ɗalibanmu kan manta da haka da zarar sun koma rubutun boko. Hadisi la'ifi shi ne wanda bai cika sharuɗɗan karɓuwa ba. Mai yiwuwa ne an faɗe shi, hujjar ce ta gaza. Maudu'i kuwa ƙagagge ne, shi ne Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 1201, ya tara a littafinsa Al-Maudu'at. Shi kaɗai ne ya cancanci sunan jabu. Sai ƙira'a shazza, wadda ma'anarta "wadda ta ware". An hukunta Ibn Shanabuz a Bagadaza a 935 saboda karanta irinta a salla, amma duk da haka Ibn Jinni ya rubuta Al-Muhtasab don bayyana fuskokinta na nahawu, masu tafsiri kuma suna kafa hujja da ita. An hana ta mihrabi, ba a hana ta zauren karatu ba. Isra'iliyyat, labaran da aka ɗauko daga Ma'abuta Littafi, sunan mafari ne kurum, shi ya sa Ibn Kasir ya kasa su uku: abin gaskatawa, da abin ƙaryatawa, da wanda ake kame baki a kansa. A fagen adabi kuma akwai manhul, waƙar da aka jingina wa wani mawaƙi, matsalar da Ibn Sallam al-Jumahi ya tattauna tun ƙarni na 9, Taha Husaini kuma ya tayar da ƙura a kanta a Masar a 1926.

Amfanin wannan rarrabewa ya fi fitowa in aka dubi wani littafi na yankinmu, Tarikh al-Fattash, wanda Hudas da Delafos suka buga a Faransa a 1913 da sunan Mahmud Ka'ati na Tambutu. A 1971 Nehemiya Lebziyon ya nuna an cusa masa wasu sassa a ƙarni na 19, musamman busharar zuwan halifa na goma sha biyu, wadda aka auna ta daidai da Shehu Ahmadu Lobbo na Masina. A 2020 Mauro Nobili ya ƙara da cewa Nuhu bn Tahir, malamin fadar Hamdallahi, shi ne ya sake gina littafin bisa wani tarihi na ƙarni na 17, na Ibnul Mukhtar, jikan Ka'ati. To, me za mu kira shi? Jinginawar ƙarya ce, busharar ƙagaggiya ce, amma labarin sarakunan Songhai da ke tsohon ɓangaren har yanzu masana tarihi na dogara da shi. Ɓangaren da aka cusa ɗin ma shaida ce mai daraja, sai dai ba a kan Askiya Muhammadu ba: a kan yadda Hamdallahi ta nemi halascin mulkinta, a zamanin da take jayayya da Sakkwato kan wa zai bi wani.