Gona Ba Ta Manta Mai Ita

Bahaushe ba shi da sunan dangi guda da ke bin zuriya daga kaka zuwa jika. Ɗa yakan ɗauki sunan mahaifinsa ko na garinsu, shi ya sa da an wuce kakan kaka sai sunaye su fara ɓacewa. Amma gona da gida suna nan inda aka bar su, kuma duk lokacin da suka sauya hannu akan sami wanda ya shaida ko ya rubuta. Don haka mai neman asalinsa a ƙasar Kano ya fi dacewa ya bi sawun ƙasa kafin ya bi sawun suna.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun sa malaman taki suna auna gonakin karkara domin yanka haraji, ana rubuta sunan manomi da girman gonarsa. Majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, ta bar rajistar ƙararraki da Larabci, cike da rigingimun gonaki da gidaje da gado, har masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wasunsu a 1994. Shari'ar gado kuwa taska ce, domin alƙali ba ya raba dukiya sai ya san magada ɗaya bayan ɗaya, har da matar da za ta karɓi tumunin takaba da 'ya'ya mata. Ana iya neman rahotannin haraji na gundumomi a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

Wani zai ce takardun haraji ba abin dogaro ba ne, tunda talaka yana ɓoye abin da ya mallaka, gandu ana rubuta shi da sunan maigida kaɗai, wanda aka tarar a gona kuma wataƙila aro ko jingina ya karɓa. Gaskiya ne, amma wannan dalili ne na tantancewa. Takarda tana ba da suna da wuri da shekara, dattawan gida da dagaci su faɗi yadda gonar ta shigo hannu. Inda bakinsu ya zo ɗaya an sami hujja, inda suka saɓa an san wurin da za a ƙara bincike.

Gara tana cin takarda, dattawa kuma suna ƙarewa. Duk mai tsohuwar takardar cinikin gida ko ta rabon gado ya ɗauki hotonta, ya kai wa tsofaffin gidansu su warware masa sunayen tun suna raye.